TSORON CUTA MA CUTA NE

 Yau ina so mu zauna mu yi maganar wani abu da yake cin mata da yawa a ɓoye, amma ba kasafai ake kawo shi fili ba, don kada a ce mutum ya cika raki ko kuma imaninsa ne ya yi rauni. Wannan abu kuwa shi ne tsoron cuta. Ba tsoron nan na kowa da kowa nake nufi ba, wanda yake sa ki rufe abinci don ƙuda. Ina nufin irin wanda yake hana mace barci, ya hana ta shiga mutane, ya mai da ita mai jinya alhali lafiyarta ƙalau.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Gaskiya ne. To amma tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: ina iyakar tsaron lafiya? Shin akwai inda mace za ta kai wajen gudun cuta har gudun nan ya zama laifi, ya zama zaluntar kai da zaluntar 'yan'uwa?

Bari in tuna muku wani dare. Cikin watan Agusta na shekarar 2014, tun kafin a kira assalatu wayoyi suka dinga ƙara a gidaje. Yaya ta kira ƙanwa, uwa ta kira 'yarta da ke gidan miji, kowa maganarsa ɗaya: ku tashi maza ku yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi, ku kuma sha, shi ne maganin Ebola. Mata nawa ne suka hura wuta cikin daren nan, suka tashi yara daga barci suna kuka ana kwara musu ruwan gishiri? Babu wanda ya tsaya ya tambayi wane likita ne ya faɗa. Da gari ya waye sai ga labarai a jaridu da rediyo cewa an kwantar da mutane a asibiti saboda gishirin da suka ɗirka, har wasu sun rasa rayukansu. Dama gishiri mai yawa guba ne, balle ga mai hawan jini.

To ita cutar fa? Wani matafiyi ne ya shigo da ita Legas daga Laberiya ran 20 ga Yuli na wannan shekara. Duk Nijeriya mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, kuma a Legas da Fatakwal ta tsaya. Ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa ƙasar ta rabu da ita. Wato cutar ba ta taɓa tsallakowa Arewa ba, amma tsoronta ya shiga kowane gida cikin dare ɗaya, har ya yi ɓarnar da ita cutar ba ta yi mana ba. Gudun gara, aka tad da zago.

Kada ki ɗauka ina yi wa masu tsoro dariya ne. Wallahi a'a. Tsoron nan yana da uwa yana da uba. Iyayenmu ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kama mutane sama da dubu 100 a ƙasar nan, ya kashe sama da dubu 11, ga ƙyanda ga amai da gudawa duk a shekara guda. Mu ma mun ga 2020, lokacin korona, da aka kulle gari, aka rufe makarantu da masallatai da kasuwanni. Wadda ta binne ɗanta saboda zazzaɓin kwana uku, in ta ji jikin ƙaninsa ya yi ɗumi dole gabanta ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai ba zai yiwu mutum ya ƙare rayuwarsa yana gudun tsummokara ba.

Akwai wata maƙwabciyata, mace mai tsafta da hankali, 'ya'yanta uku. Mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Tun daga sadakar arba'in matar nan ta canza. In ta ji ƙirjinta ya buga sai ta ce ciwon zuciya ne. In kanta ya sara sai ta ce jijiya ce za ta fashe. Yau tana wannan kemis ana auna mata jini, gobe tana wancan. An yi gwaji an yi hoto, likita ya ce babu komai, sai ta samu natsuwar kwana biyu, ran na uku ta ce ai wataƙila injin ne bai gani ba. Daga nan abin ya koma kan ɗaukar cuta. Wanke hannu ba adadi, har fatar yatsunta ta tsattsage. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ta hana yara wasa da 'ya'yan maƙwabta. In baƙuwa ta sha ruwa a kofinta, tana fita sai ta tafasa kofin.

Ana nan sai goggonta, wadda ta goya ta ta kuma yi mata kayan ɗaki, ta kwanta da tarin fuka. Aka ɗora ta a kan magani. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku, matar nan ba ta taka ƙafarta gidan ba. Kullum dai tana tuƙa tuwo ta zuba miya ta ba almajiri ya kai. Ran nan almajirin ya dawo da kwanon da saƙo. Ya ce, "Goggo ta ce a gaya miki ta gode, kuma ba ta yi fushi ba, amma fuskarki take son gani ba tuwonki ba." Ta shigo wurina tana kuka, ta ce, "Yaya, wallahi ina son zuwa, amma da na sa mayafi sai ƙafafuna su ƙi ɗaukata."

Kin ga inda maganar take. Matar nan ba muguwa ba ce, ba kuma marar tausayi ba. Amma tsoro ya sa ta yi abin da muguwa take yi.

To mene ne bambancin taka-tsantsan da waswasi? Ni dai a nawa ganin, taka-tsantsan yana da aiki kuma yana da ƙarshe. Kin fito daga bayi, kin wanke hannu da sabulu, shi ke nan magana ta ƙare, kin koma kan girkinki. Shi kuwa waswasi ba ya ƙoshi. Kin wanke, ya ce ki sake. Likita ya ce lafiya, ya ce nemi wani likitan. Maigida ya ce babu komai, ya ce ki sake tambayarsa cikin dare. Duk tabbacin da kika samu kamar shan ruwan gishiri ne ga mai ƙishirwa, yana wucewa maƙogwaro ƙishirwar ta dawo fiye da da.

Kuma ki sani, abin da mai wannan hali take ji a jikinta ba ƙarya ba ne. Allah Ya halicci jikin ɗan'adam ta yadda in ya tsorata zai saki wani sinadari cikin jini don ya shirya gudu ko faɗa. Shi ne yake sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, baki ya bushe, gumi ya karyo, ciki ya murɗa. In numfashin ya yi sauri da yawa sai ki ji jiri, yatsu da leɓe su riƙa yi miki kamar ana tsira allura. To mai waswasi in ta ji waɗannan sai ta ce ga cutar nan ta zo. Tsoro ya ƙaru, bugun zuciya ya ƙaru, ita kuma ta ƙara gaskata zatonta. Haka wadda take matsa nononta sau ashirin a yini tana neman ƙullutu, dole wurin ya yi tsami, sai kuma tsamin ya zame mata hujja. Maciji ne yake cin wutsiyarsa.

Maganin farko shi ne sani, don rashin sani ya fi dare duhu. Kowace cuta da ƙofar da take shigowa, kuma in kin san ƙofar ba sai kin toshe gidan gaba ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro ta sauro yake zuwa, maganinsa gidan sauro da kawar da kwatami. Amai da gudawa ta gurɓataccen ruwa da abinci da hannu mai dauɗa yake shiga, in kuma ya kama yaro a gaggauta haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana hanyar asibiti. Kin ga gishirin nan dai da ya yi kisa da aka sha shi bisa jita-jita, shi ne yake ceton rai in an auna shi bisa sani. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa ta jihar Borno a 1969, ɓera ne yake kawo shi, sai a rufe hatsi da abinci. Ƙyanda da sanƙarau ta numfashi suke yaɗuwa, musamman a ɗaki mai cunkoso marar taga, kuma duka biyun akwai allurar rigakafinsu. Ƙanjamau ta jini da saduwa yake wucewa, ko daga uwa zuwa jariri in ba ta shan magani. Ba a ɗaukarsa ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya, sauro ma ba ya ɗauko shi.

Akwai kuma waɗanda ba a ɗauka sam, amma mun mai da masu su abin gudu. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Sau nawa yarinya za ta faɗi kusa da murhu, mata su watse suna salati daga nesa, har wuta ta ci hannunta? Da an janye ta daga wutar, an kwantar da ita a gefenta, ba a cusa mata komai a baki ba, da ta tashi lafiya. Ciwon daji ba a ɗauka. Yoyon fitsari ba a ɗauka. Sikila gado ce daga uwa da uba. Ko kuturta da muke yi wa kallon ƙarshen duniya, yawancin mutane jikinsu ba ya kama ta, kuma tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995. Shi kuwa tarin fuka irin na goggo, gaskiya ne ana ɗaukarsa ta iska, amma in mai shi ya yi 'yan makonni yana shan magani yadda aka ce, haɗarin ya sa wa wani yana raguwa ƙwarai, kuma cikin wata 6 yawanci ake warkewa.

Abin mamaki, sau da yawa tsoronmu ba ya zuwa inda ya kamata. Za ki ga mace tana tafasa kofin baƙuwa, amma ɗanta bai cika alluran rigakafinsa ba. Tana gudun mai farfaɗiya, amma tana da ciki wata bakwai ba ta taɓa zuwa awo ba. Ta kulle taga ta bar ƙofa a hangame.

Yanzu mu zo kan addini, don wata za ta ce ai tsare rai wajibi ne, wata kuma ta ce ai komai ƙaddara ce, sai ta yi sakaci. Dukkansu kowace ta riƙe rabin gaskiya. A shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta ɓarke a ƙasar Sham. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan hanyar zuwa can sai labari ya iske shi. Ya tara sahabbai ya yi shawara, daga ƙarshe ya yanke a juya Madina. Abu Ubaida ya nuna masa cewa wannan kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya fahimtar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar makiyayin da ya zaɓi kai raƙumansa gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshen. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya tabbatar da cewa koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce kada a shiga garin da annoba ta sauka, wanda kuma yake ciki kada ya fita don gudu.

Ki duba hikimar nan da kyau. An hana ki jefa kanki cikin haɗari, an kuma hana ki tserewa ki bar marasa lafiya babu mai ba su ruwa, ki kuma kai cutar wani gari. Addinin da ya ce ki kiyaye, shi ne ya sa gai da marar lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Saboda haka ba a ba ki zaɓi tsakanin lafiyarki da zumuncinki ba, an ce ki riƙe duka biyun. Tawakkali shi ne ki yi abin da yake hannunki, sannan ki saki abin da ba ya hannunki. Mai sakaci ta bar na farko. Mai waswasi ta kasa na biyu, tana so sai ta samu tabbacin cewa ba za ta taɓa ciwo ba, alhali wannan tabbaci ba a ba kowa shi ba, har annabawa sun yi jinya.

Mu tuna kuma cewa lafiyar da muke taƙama da ita wasu ne suka tsaya suka tare mana. Likitar nan ta Legas, Dakta Stella Adadevoh, ita ce ta hana matafiyin da ya kawo Ebola fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta 2014. Da kowa ya ce ransa kawai ya sani, wa zai karɓi haihuwarki, wa zai yi jinyarki, wa zai wanke gawarki?

Na san wata za ta ce, "To ai ga wance can, ta ji ƙullutu a nono aka ce mata ta daina raki, sai da abin ya ci ƙarfinta sannan aka je asibiti." Wannan gaskiya ne, kuma yana faruwa da yawa. Ba cewa nake a yi shiru da ciwo ba. Akwai alamun da ba a wasa da su: tarin da ya wuce mako biyu, ƙullutu a nono, zubar jini ba lokacin al'ada ba, rama babu dalili, zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, jijjigar yaro, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska ga mai ciki. In kin ga ɗaya daga ciki ki nufi asibiti, kada ki tsaya kemis ko jiƙe-jiƙe. Ki faɗa wa likita komai, ki tambaye shi me za ki gani ki dawo, yaushe kuma za ki dawo. In ya duba ya ce lafiya, to ki karɓa ki gode wa Allah. Zuwa asibiti da dalili hankali ne. Zagaye asibitoci biyar a kan amsar da aka riga aka ba ki, wannan waswasi ne yake jan ki da igiya.

Ke da kike cikin wannan hali, ga 'yar shawarata. Ki rage binciken cuta a waya, musamman da dare, don duk abin da kika rubuta sai ta nuna miki mafi muninsa. Saƙon da aka turo miki a WhatsApp wanda ba ki san tushensa ba, ki bar shi ya mutu a hannunki. In faɗuwar gaba ta zo, ki zauna, ki ja numfashi a hankali ki sake shi a hankali, ki yi ambaton Allah, ki bar ta ta wuce, don takan lafa da kanta. In zuciya ta ce ki sake wanke hannu ko ki sake laluba jikinki, ki ce mata sai an jima. Abin da kika daina yi don tsoro ki koma masa kaɗan-kaɗan, yau gidan maƙwabta, jibi gidan suna. Tsoro kamar karen unguwa yake, in kin gudu ya bi ki. Kada kuma ki nemi sauƙi wurin ƙwayar barci ko maganin tari na kwalba, nan ne mata da yawa suka je neman ƙiba suka samo rama.

In kuwa abin ya ɗauki watanni, ya hana ki barci da ci da kula da gida, to ki nemi likitan ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Larura ce sananniya, ana magance ta da zaman tattaunawa, wani lokaci a haɗa da magani. Akwai asibitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne.

Mu kuma da muke zaune da irin waɗannan mata, uwa ce ko abokiyar zama ko ƙawa, mu ji tsoron Allah mu daina ce musu sangarta ce ko neman a kula su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kada kuma mu biye musu muna raka su kemis kullum. A saurare su, a riƙe hannunsu, a raka su inda suke tsoron zuwa.

Haka muka yi da maƙwabciyata. Ran wata Juma'a na ce ta sa mayafinta, ni zan raka ta. Sau biyu tana tsayawa a hanya tana cewa mu koma. Da muka isa muka tarar da goggo a tsakar gida a kan tabarma, ta yi kyau ta fara mai da jikinta. Muka zauna a inuwa, iska tana kaɗawa. Goggo ta dube ta ta ce, "'Yar nan, ashe kina gane hanya?" Sai kuka. Goggo ta cika wata shida ta warke sarai, ita kuma ba ta ɗauki komai ba. Amma har yau takan ce wata ukun nan da ta bar tsohuwar tana kallon ƙofa, ba ta san da me za ta biya su ba.

'Yar'uwa, kwanakinmu ƙidayayyu ne, tsoro ba ya ƙara ko ɗaya a kansu, sai dai ya cinye waɗanda aka ba mu. Ki wanke hannunki, ki rufe abincinki, ki kai yaranki rigakafi, ki rataya gidan sauro, sannan ki ɗauki mayafinki ki je ki gai da marar lafiya. Zumunta a ƙafa take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye wa masu waswasi, Ya ba mu zuciya mai kiyayewa kuma mai dogara gare Shi. Amin. Wassalam.